Ranar da Noti Ya Kai Ƙarshe

A wani ƙauye da ke can cikin kwari akwai wani mutum mai suna Habila, direba ne, yana da tsohuwar a-kori-kura. Ita kaɗai ce motar garin. Hanyar fita daga ƙauyen ɗaya ce, kuma sai an hau wani dogon tudu kafin a kai kwalta. Doya da masara a motar Habila suke hawa tudun nan, haka amarya, haka marar lafiya.

Habila ya iya tuƙi, ba mai musu. Sai dai yana da wani hali guda. In ya canja giya ba ya sauke ƙafarsa ta hagu ƙasa, sai ya bar ta kwance a kan kuloci. Ga waɗanda ba su san mota ba, kuloci shi ne ke haɗa ƙarfin inji da tayoyi. In ka taka ya raba su, in ka saki ya haɗa. A cikinsa akwai wani faranti, shi ne ke kamawa. Ƙafar da aka ɗora, ko ba ta da nauyi, ba ta barin farantin ya kama sosai. Sai ya riƙa gogawa yana cinyewa a hankali, ba ƙara, ba alama.

Ana nan, sai Habila ya lura motar ba ta motsawa sai ya ɗaga ƙafa har kusan sama. Ya kai ta wurin wani tsohon makaniki da ke bakin kwalta, ana ce masa Baba Filibus. Tsohon ya sunkuya ya danna abin takawar da hannu.

Ya ce, "Ka ga nan? Ya kamata a sami ɗan sarari kamar faɗin yatsa biyu kafin kuloci ya fara aiki. Naka babu ko kaɗan." Ya shafa robar da ke kan abin takawar, gefe ɗaya ya suɗe har yana ƙyalli. "Ƙafar wa ke kwana a nan?"

Habila ya ce, "Baba, ni fa ba takawa nake yi ba. Ɗorawa kawai nake yi."

"Ɗana, farantin bai san bambancin ba."

Baba Filibus ya ɗauki sufana ya shiga ƙarƙashin motar. A ƙarshen wayar kuloci akwai wata 'yar sandar ƙarfe mai zare, tsawonta bai wuce yatsa ba, da noti a kanta. Ya sassauta notin kaɗan. Habila ya hau ya gwada, sai ga sararin ya dawo, motar ta kama a tsakiya kamar sabuwa. Ya yi godiya ya tafi yana murna, kafin ya gangara tudu ƙafar ta koma makwancinta.

Da kaka ta zo, ciwon ya dawo, Habila ma ya dawo. Wannan karon tsohon bai yi saurin ɗaukar sufana ba. Ya ce, "Noti ba ya mayar da abin da ya cinye, ɓoye shi kawai yake yi. Farantin nan ya yi nisa. Ka bar mini motar yini ɗaya, in sauke akwatin giya in sa sabo."

Habila ya ce, "Yini ɗaya a tsakiyar kaka, Baba? Doya na zube a gonaki tana jirana."

Tsohon ya ce, "Na ji Tabita ta yi nauyi."

Tabita matar Habila ce, tana da tsohon ciki. Haihuwarta ta fari da ƙyar ta sha, saboda haka ungozoma ta gaya musu tun da wuri cewa wannan karon sai asibiti. Habila ya san haka, ya kuma san motar da za ta kai ta. Duk da haka ya ce, "Da sauran lokaci. Ka ɗan juya mini shi na yau, bayan kaka zan kawo ta."

Tsohon ya juya masa, ransa ba daɗi. Habila kuwa ya durƙusa kusa da shi ya zuba ido, yana kallon inda hannun yake zuwa da yadda yake juyawa. A kan hanyar gida ya tsaya kasuwa ya sayi sufana tasa.

Daga ranar Baba Filibus bai ƙara ganinsa ba, sai dai ya hango ƙurar motar tana wucewa. Duk lokacin da kuloci ya hau sama, Habila ya shiga ƙarƙashin mota a ƙofar gidansa ya juya noti, ya fito yana kakkaɓe riga. Gyaran ya zo masa da sauƙi biyu, ba jira, ba kuma tsohon da zai yi masa maganar ƙafa. Wani lokaci in ya yi lodi mai nauyi yakan ji wani ƙauri a kan tudu. Sai ya buɗe taga.

Ran nan da safe ya hau tudun da doya fiye da ƙima, motar ta hau da ƙyar, ƙaurin har cikin maƙogwaro. Ya sauke kaya ya dawo gida da tsakar rana, ya tarar naƙuda ta kama Tabita. Aka shimfiɗa mata katifa a bayan motar, ungozoma ta zauna ta riƙe kanta.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ta tafi. Da suka kai tsakiyar tudun sai ta fara rage gudu, har ta tsaya. Habila ya koma giya ɗaya, ya saki kuloci gaba ɗaya, ya taka totur har ƙasa. Injin ya yi ruri har ana ji a gonaki, amma taya ko ɗaya bai juya ba. Mai yana nan, inji lafiyarsa ƙalau, abin da zai haɗa su da tayoyi ne babu. Ya ja birki, ya sa dutse a bayan taya, ya ɗauki sufanarsa ya shige ƙarƙashi. Ya kama notin zai juya, sai ya ji yana rawa a bakin sandar. Zaren ya ƙare. Ba sauran inda za a juya shi.

Daga sama ya ji muryar Tabita a hankali tana cewa, "Maigida, mun iso ne?"

Ya fito daga ƙarƙashin motar da sufanar a hannu.

Mutanen da ke gonakin kusa suka zo a guje. Suka ciro ƙyauren wata bukka, suka ɗora Tabita a kai, suka hau tudun da ita a kafaɗa cikin zafin rana. Kafin su kai kwalta, kafin a sami motar da za ta tsaya musu, rana ta yi sanyi. Tabita ta rayu. Ɗan kuwa, namiji, bai zo da rai ba.

Bayan an share makoki, aka ja motar da tarakta zuwa bakin kwalta. Baba Filibus ya yi wa Habila gaisuwa, bai tuna masa da komai ba. Ya fara aiki da safe, kafin la'asar ya ɗaure noti na ƙarshe ya goge hannu.

Habila ya ce, "Baba, shi ke nan aikin?"

Tsohon ya ce, "Shi ke nan, ɗana."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Motar ita ce rayuwar mutum, wadda ba tasa ce shi kaɗai ba, gama akwai waɗanda ke zaune a bayanta. Ƙafar da aka ɗora ita ce zunubin da muke raina wa girma, wanda muke cewa ai ban yi ba, kusa kawai na je. Ban yi zina ba, hira ce kawai. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi duka ba. Farantin kuwa shi ne lamiri, wurin da maganar Allah take kama zuciya ta motsa ta. Kowace ɗorawa tana cinsa kaɗan.

Juya noti shi ne ɗan gyare-gyaren da muke yi don zuciya ta yi shiru. Mu zubar da hawaye ranar Lahadi, mu ƙara baikon da muke bayarwa a ikilisiya, mu yi wa mata fara'a kwana biyu, sai mu ji kamar komai ya koma daidai. Canja faranti shi ne tuba ta gaskiya, kuma ba mutumin da yake yi wa kansa ita a ƙofar gida. Dole ka tsaya, ka bar Ubangiji ya buɗe ciki ya fitar da abin da ya ruɓe. Tsayawar nan ce ba ma so, kullum muna cikin kaka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne sufanar da Habila ya saya. A cikinmu akwai waɗanda suka daɗe a ikilisiya har sun haddace inda ake juyawa. Sun san waƙar da za su rera su ji sanyi, sun san addu'ar da za su yi su sami barci. Ba sa bukatar dattijo, ba sa bukatar mai tsawatarwa. Ina kallonku daga nan, raina yana ɓaci, domin zaren nan ba shi da tsawo, kuma ba a hanya mai laushi yake ƙarewa ba. A tudu yake ƙarewa, ranar da wani ya dogara gare ka.

Allah mai gafara ne, ya kuma gafarta wa Habila. Motarsa tana hawa tudun nan yanzu ba gardama, ƙafarsa kuwa ba ta ƙara kwana a kan kuloci ba. Amma kowace safiya in zai fita, sai ya bi ta gefen wani ɗan ƙaramin kabari a bayan gidansa. Yini ɗaya aka roƙe shi, ya ce ba shi da shi.