Tabon da Ya Fito a Bangon Uzairu

Jama'a, yau a kan rufa-rufa zan yi magana, masu shafe ɓarna da farar ƙasa su ce gyara suka yi. Ku saurara.

An yi wani mutum cikin Bani Isra'ila, wani bawan Allah maginin tukwane, sunansa Uzairu. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Shamwilu, attajirin man zaitun, wanda shi kaɗai ke sayen tulunansa. A shari'arsu akwai wani tabo da kan fito a fatar mutum, ko a tufa, ko a bango. Ba cutar magani suka ɗauke shi ba, ƙazanta ce da gargaɗi daga Ubangiji. In a bango ne, sai a kira limaminsu. Kafin ya shiga ake kwashe kaya, don duk abin da ya rufe ƙofa a kansa ya ƙazantu. Tulun ƙasa kuwa ba ya tsarkaka, sai fasawa.

Wata safiya Uzairu ya ga tabo kore ya ci dutsen bangon nan. Yana tsaye sai ga Shamwilu, hannunsa duk farar ƙasa.

"Kai ma ka gani ko? Na shafe nawa. Ungo, shafe naka."

"Maigida, wurin liman za ni."

"Liman? So kake gari ya ce man Shamwilu daga gidan ƙazanta ya fito? Ka taka ƙofar nan, ko murfi ba zan ƙara saya a hannunka ba. 'Ya'yanka su ci yumɓu!"

Uzairu ya dubi 'ya'yansa uku. Ya tafi. Kuna ji? Ya dubi 'ya'yansa, amma ya tafi.

Ya dawo ya fito da tabarmarsa da tukwanensa bakin titi, mutane na toshe hanci suna ja da baya. Sau biyu yana buga ƙofar maƙwabcinsa.

"Maigida, don Allah fitar da man nan, liman na hanya."

"In fitar, in tona wa kaina asiri? Kauce, matsiyaci!"

Liman ya iso, ya duba tabon Uzairu, ya shafa bangon. Ya ce, "Dutsen nan ya ratsa. Wa ke bayansa?" Ya zaga ya shiga wajen Shamwilu, ya ga shafe ɗanye, ya sa farce ya kankare. Ga kore nan. Ya fito ya ja ƙofofin biyu ya rufe.

To, ku da kuka shafe aibinku kuka zo masallaci da farar riga, ku fito da shi tun ana karɓar tuba. Wanda ya bayyana, kunya kawai ya sha; wanda ya ɓoye komai ya rasa. Uzairu kwana bakwai ya yi a waje, aka cire dutse biyu, ya koma da kayansa cif. Shamwilu fa? Tulu arba'in aka fasa, man shekara guda ƙasa ta shanye, kuma ba wanda ya sake miƙa masa kwano a garin nan.