Sha-yanzu da Sabar Rajistar Ɗalibai

A wani ofishi da ke kula da shafin rajistar ɗalibai na wata kwaleji, akwai wani injiniya da abokan aikinsa ke kira Sha-yanzu. Ya san aiki, wannan kam ba musu, amma ba ya iya jira. A wurinsa gwaji ɓata lokaci ne.

Amanar da ke hannunsa ita ce sabar bakin ƙofa, wato kwamfutar da duk mai shiga shafin sai ya bi ta kanta kafin ta miƙa shi ciki. Tsarin kwamfutar ya yanka wa manhajar da ke wannan aiki iyakar memorin da za ta ci, wato rabonta a ƙwaƙwalwar kwamfutar, don kada ta haɗiye komai.

Ana gobe za a rufe rajista, shafin ya soma nauyi. Sha-yanzu ya ja kujera ya ce zai cire iyakar gaba ɗaya. Abokiyar aikinsa, wadda teburinta ke daura da nasa, ta ɗago kai.

"Injiniya, ƙara mata kaɗan dai, mu fara gwadawa a kan na'urar gwaji. Gobe fa akwai cunkoso."

"Haba 'yar'uwa," ya ce yana dariya, "abu na kukan yunwa, ke kina auna masa da cokalin shayi?"

Tana fita cin abinci ya cire iyakar, bai ko ajiye tsohon saitin ba. Nan take shafin ya yi gudu kamar iska. Ya ɗauki jakarsa ya tafi gida yana fito, bai gaya wa kowa ba.

Washegari ɗalibai suka yi caa a kan shafin. Manhajar ta yi ta cin memori har ta cinye tas, tsarin kwamfutar ya kashe ta don ya ceci kansa. Ta tashi, ta sake cinyewa, ya sake kashe ta. Duk wanda ya kusa gama cike bayanansa sai ya ga an watso shi waje.

Manaja ya shigo yana gumi. "Wa ya taɓa wani abu?"

A nan ne Sha-yanzu ya yi abin da ya fi na jiya muni. Ya dubi idon manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban taɓa komai ba. Matsalar masu intanet ce."

Haka ya bar bayin Allah suna ta kiran kamfanin da bai san hawa ba, shi kuwa yana laluben tsoffin lambobin iyakar a ɓoye, sun ƙi zuwa masa. Kafin abokiyar aikin ta gano ɓarnar ta gyara, an rufe rajista. Kwalejin ta ce gurbi ya cika, ba ƙarin lokaci. Aka karɓe makullinsa a ranar.

Yana saukowa daga bene wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Ƙanena, 'yarka tun safe take shagon kwamfuta, ba ta samu shiga ba. Ga ta nan ta ƙi cin abinci, shekara guda ta tafi a banza. Kai da kake ciki, don Allah wane marar imani ne ya yi wa yaran mutane haka?"

Ya tsaya a kan matakala, waya a kunne. Ta yi ta kiran sunansa.

Darasin shi ne, iyakar da ka tarar a kan aiki ba don ado aka sa ta ba. Kafin ka taɓa ta, ka tambaya, ka gwada, ka bar wa kanka hanyar komawa. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri, domin yayin da kake kare mutuncinka da ƙarya, waɗanda ba su ji ba su gani ba ne ke kwana da hawaye.