Haɗin Yaya da Ya Fita da Sunan Ƙane

Akwai wani saurayi da abokan wasansa suka laƙaba wa suna Walƙiya, saboda saurin yatsunsa a kan waya. Wasan da ya ƙware a kai na dabarun yaƙi ne. Kowa zai zaɓi mayaƙansa daga cikin katunan da yake da su, ya jera su, ya fita da su ya rushe gidan abokin karawarsa. Wannan jerin mayaƙa shi suke kira haɗi.

Walƙiya yana sahun manya. Su kuwa manyan nan ba su da sirri. Duk wasan da suka buga a fili, akwai shafukan da ke tattara shi, su fitar da bayanin wane mayaƙi aka fi ɗauka, wane haɗi ne ke tashe. Shi Walƙiya bai taɓa ƙirƙirar haɗi ba. Abin da ke tashe yake ɗauka, ya buga shi har ya fi masu shi iyawa.

Yana da wa, mai gyaran firij. Yatsun Yaya sun yi kanta da riƙon sifana, kafin ya ajiye mayaƙi ɗaya ƙanensa ya ajiye uku. Amma Allah ya ba shi kai. Ya daɗe yana wasan nan ba wanda ya san da shi, sai a bana ya tsallake zagayen farko na babbar gasa. Zagaye na biyu kuwa kai tsaye ake nuna shi, duniya na kallo.

Wata rana da hantsi ya kira ƙanensa shago. Suka zauna a kan wata tsohuwar firiza da aka kwantar, ga tukunyar gas a gefe, ga wayoyin wuta zube a ƙasa. Yaya ya goge hannu da tsumma, ya miƙa masa waya.

Walƙiya ya duba mayaƙan da Yaya ya jera a haɗinsa, ya fashe da dariya.

"Kunkuru? Yaya, lafiyarka kuwa? Wannan ai ko 'yan koyo sun daina ɗaukarsa. Kafin ya isa gidan mutum an yi sallar la'asar."

"Shi ya sa nake son sa," in ji Yaya. "Mai Guduma ne kaɗai ke fasa bayansa. Tunda aka daina ganin Kunkuru, kowa ya cire Mai Guduma daga haɗinsa. Zauna mu gwada, sarkin surutu."

Suka buga wasan sada zumunta, irin wanda shafukan nan ba sa gani. Kunkuru ya taho a hankali, maharba na laɓe a bayansa, duk abin da Walƙiya ya jefa masa sai ya shanye. Yaya ya ci. Suka sake, ya sake ci. Dariyar Walƙiya ta ɗauke.

Yaya ya karɓi wayarsa, ya dube shi sosai.

"Ka ji ni da kyau, auta. Ni ba ni da hannunka. Abin da kawai nake da shi, ba su san da me zan fito ba. Da kai kaɗai zan riƙa gwadawa har ranar gasa. Kada ka buga shi a fili. Ni in na buga ba mai kallona, kai kuwa ko atishawa ka yi sai an rubuta."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro?"

Haka suka yi ta gwaji, suna cire wannan suna saka wancan, har haɗin ya zauna daram. Matar Yaya har tsokanarsu take yi in ta aiko da abinci, wai an bar firij ɗin mutane ana kiwon kunkuru.

Ana saura kwana kaɗan a yi gasa, sai wasa ya juya wa Walƙiya baya. Duk wanda ya haɗu da shi sai ya doke shi. Matsayinsa ya yi ta zamewa ƙasa. A zauren hirarsu na manyan 'yan wasa akwai wani da ake kira Ɗan Gayu, wanda ba su taɓa shiri ba. Shi ne ya rubuta:

"Jama'a, a taimaka wa Walƙiya da batir. Ya koma tocilan."

Aka yi ta turo dariya. Walƙiya na zaune a shagon buga takardu inda yake aiki, injin na ta fitar da takardun wani kwastoma. Ya buɗe wasan. Haɗin Yaya na nan a ajiye, yana kallonsa.

Ya ce a ransa, wasa ɗaya kawai. Wa zai lura da wasa ɗaya?

Ya ci. Ya ce to, ɗaya kuma. Kafin a tashi aiki ya tattake duk wanda ya tare shi, har da Ɗan Gayu, wanda ko gidan Walƙiya bai taɓa ba. Ya koma gida yana jin kansa a sama, ya manta da komai.

Washegari da safe ya buɗe waya. Kunkurun da ke can ƙasa ya hau sahun mayaƙan da aka fi ɗauka. Shafukan sun jera katunan Yaya ɗaya bayan ɗaya, an rubuta a sama: Haɗin Walƙiya. Kafin rana ta faɗi masu bidiyo sun fara koyar da yadda ake karya shi. Mai Guduma ya dawo cikin haɗin kowa.

Ya daɗe yana zagaye layin shagon Yaya kafin ya iya shiga. Ya tarar da Yaya a durƙushe bayan wani firij.

"Yaya..."

"Na gani."

"Wallahi ban yi zaton... To ka canza mana. Mu zauna yanzu mu haɗa wani."

"Ba dama. Ni na riga na miƙa haɗina tun tuni, abin da mutum ya miƙa kuwa shi zai buga." Bai ɗago kai ba. "Miƙo min filaya."

Walƙiya ya miƙa masa. Ya so a zage shi, ko a jefe shi da sifana. Yaya kuwa ya ci gaba da aikinsa.

Ranar gasa aka taru a falon Yaya. Matarsa ta haɗa waya da talabijin. Umma, mahaifiyarsu, ta zo da carbinta, ba ta san kan wasan ba amma ta ce ɗanta ba zai fito a talabijin tana gida ba. Yaya ya shige ɗaki shi kaɗai ya rufe ƙofa.

Da katunansa suka bayyana, mai sharhi ya ce:

"Af, ga wani kuma da Haɗin Walƙiya. An ce ma wai yayansa ne. To, bari mu ga ko aron hannu ma an ba shi."

Umma ta juyo da fara'a.

"Kai ake kira, auta? Ashe kai ka taimaka masa! Allah ya yi maka albarka."

Walƙiya ya sunkuyar da kai.

Kunkuru ya taho a hankali kamar kullum. Bai kai rabin hanya ba Mai Guduma ya sauka a gabansa, ya fasa shi. Maharban da ke baya suka zama a fili, aka share su. Yaya ya sake gwadawa ta ɗaya gefen, aka sake tare shi. Abokin karawar ya san kowane kati kafin a ajiye shi. A gefen allo saƙonnin 'yan kallo na ta gudu: tsoho ya kwafi ƙanensa, kwafin ma bai iya ba.

Matar Yaya ta tashi ta kashe talabijin.

Can Yaya ya fito, ya ce a ba shi ruwa. Umma ta ce:

"Ba komai, haka Allah ya so. Sai ka gode wa ƙanenka da ya ara maka nasa."

"Umma, ba nawa ba ne," in ji Walƙiya. "Nasa ne. Ni na..."

"Allah sarki, ɗan albarka. Ji yadda yake kare yayansa."

A ranar Walƙiya ya rubuta gaskiya a shafinsa, ya ce yayansa ne ya ƙirƙiri haɗin, shi kuma ya fitar da shi ba da izini ba. Amsoshi suka yi ta zuwa. Wannan ya ce kai, ka cika ɗan halak. Wancan ya ce rufa wa babban wa asiri ai lada ne. Ɗan Gayu ya rubuta: "In shi ya haɗa, me ya hana shi ci da shi?" Ba wanda ya yarda. Sunan Haɗin Walƙiya ya zauna.

Bayan kwana biyu ya koma shago, ya nuna wa Yaya abin da ya rubuta. Yaya ya karanta har ƙarshe, ya mayar masa da wayar.

"Goge shi. Ƙara musu abin dariya kake yi."

"Ka yafe min, Yaya."

"Na yafe tun ranar. Kai ƙanena ne, ina zan kai ka?"

Walƙiya ya ji ɗan sanyi a ransa. Ya matso, ya zauna a gefen firizar.

"To akwai gasar baɗi. Kanka bai ƙare ba, Yaya. Za ka haɗa wanda ya fi wannan."

Yaya ya ɗauki sifana, ya juya ta a hannunsa, sannan ya dubi ƙanensa ba tare da fushi ba.

"In na haɗa, auta, da wa zan gwada?"

Darasi: Wanda ya nuna maka abin da ya ɓoye wa kowa, amana ya ba ka, ko da a wasan waya ne. Kada zafin gorin wani ya sa ka kashe wahalar ɗan'uwanka don a tafa maka na yini ɗaya. Ana iya yafe maka, amma yardar da ka zubar ba lallai ta dawo ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan wasanku, wataƙila akwai wanda yatsansa ke kan irin wannan kuskure yanzu.