Manomin da Ya Zargi Itatuwansa da Satar Ruwa

Akwai wani mutum mai gona ɗaya a bakin jeji, can inda ruwan sama ba ya zuwa da wuri, in ya zo ma ba ya jimawa. Gonar nan ita ce abincinsa da na iyalinsa. A cikinta akwai tsofaffin itatuwa da ya gada: kanya, marke, kaɗanya, da wata ɗorawa a gefe.

Mutumin nan ba shi da natsuwa. Da bazara ta yi sai ya kasa zama. Ya fita ya dubi gabas, ya dawo, ya sake fita. Tuwo ma a tsaye yake ci.

Ran da aka yi ruwan farko ya ruga gona. Ya ga fili ya jiƙe, amma gindin itatuwa a bushe. Hankalinsa ya tashi. Da hadari ya sake haɗuwa, ya ajiye ƙwarya ɗaya a fili, ɗaya a ƙarƙashin kanya. Ta fili ta kusa cika, ruwanta garau. Ta ƙarƙashin kanya ko rabi ba ta kai ba, ruwan kuma kamar na wankin tukunya.

Ya kawo su gida yana haki. Ya ce wa matarsa, "Uwar yara, zo ki ga ɓarayin da nake kiwo! Su tare mini ruwa a sama, ragowar su sako mini da datti."

Ta ce, "Maigida, yanzu kuma da itace za ka yi faɗa? Baba ya noma gonar nan har ya tsufa, bai taɓa kai su ƙara ba."

Ya ce, "Baba bai auna ba. Ni na auna."

Ta ce, "To, ka taɓa mini ɗorawa, ka nemi mai yi maka daddawa."

Ya ɗauki gatari ya datse rassansu duka, ya bar su tsaye kamar turaku. Ɗorawar kaɗai ya ƙyale, don tsoron miya lami. Sa'an nan ya shuka geronsa.

Sai aka yi babban ruwa da iska. Ba abin da ya tare shi. Ya daki ƙasa, ya kwashe ta sama mai kyau, ya gangara kwari da ita jawur. Bayan haka ruwa ya ɗauke. Ƙasa ta yi tauri kamar kasko, gero ya nannaɗe. Amma kewaye da ɗorawar, daidai inda ganye ke ɗiga, shuka tana nan kore shar.

Mutumin ya durƙusa ya tona da hannu, ya ji danshi, ƙasar baƙa. Ya jawo reshe ya murza ganyen, yatsunsa suka yi dumu-dumu da ƙura, da tokar ƙunar daji, da kashin tsuntsaye. Nan ya gane. Abin da iska ke yawo da shi, ganye ne ke kama shi ya riƙe. In ruwa ya zo ya wanke shi, ya sauko a hankali, wani ta jikin itace, wani ɗis-ɗis, har ƙasa ta samu ta sha.

Ya ce, "Wayyo ni! Ashe dattin nan taki ne."

A shekarar nan rumbunsa bai kai rabi ba. Kafin sabuwar kaka, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar nan rayuwarku ce, yarana. Itatuwan su ne waɗanda Ubangiji ya tsayar a bisanku: iyaye, kakanni, dattawan ikkilisiya. Kuna ganin abokinku da ba mai ce masa komai, ƙwaryarsa ta cika da wuri. Ku taku da kyar ruwa ke ɗiga cikinta, tare da "ina za ka?" da "da wa kika dawo?" Sai ku ce an tare muku ci gaba. Wannan zargi naku na hana ni sukuni. Mutanen nan sun sha rani da yawa a tsaye, abin da suka tara ne suke sako muku kaɗan-kaɗan. Ba daɗi a ido, na sani, amma ran da fari ya zo shi zai riƙe ku.

Mu iyaye kuma, kada mu riƙe ruwan duka a sama. Mu bar albarka ta sauko, ba faɗa kaɗai ba.

In an tashi sujada yau, kada ku sulale ta ƙofar baya. Ku tsaya ku gaida tsofaffin nan. In sun tambaye ku inda kuka shiga kwana biyu, ku amsa musu. Bana suna nan. Baɗi, Ubangiji ne kaɗai ya sani.