Barau da Man Birki

A unguwar Limawa cikin Dutse akwai wani direba, Barau, mai jigilar fasinja tsakanin Dutse da Ringim. Tuƙi kam Allah ya ba shi. 'Yan tasha suna rantsuwa wai in motarsa ta ƙi tashi da safe, gyaran murya kawai yake yi sai ta tashi don kunya. Ni dai ban gani ba, amma waɗanda suka ba ni labarin ba su cika ƙarya ba sai ranar kasuwa.

Aibinsa ɗaya ne. A wurinsa jikin mutum da injin mota duk ɗaya ne, tunda kuwa ya san inji, ba mai gaya masa komai a kan jiki. Asibiti, cewa yake wurin marasa aikin yi ne. Maganinsa guda: man birki. In ya yanke, man birki. In maƙero ya fito, man birki. An ce kunama ta taɓa harbinsa ya shafa, da gari ya waye kunamar aka tsinta a mace.

Wata rana ya tashi goshinsa na zugi ta gefen hagu, kamar ana tsira masa allura mai zafi, alhali ba komai a fatar. Ba a daɗe ba ƙuraje suka feso, jajaye masu ruwa, daga bakin gashi har gira. Abin mamaki, a tsakiyar goshi suka tsaya cak, kamar an ja musu layi. Ɗaya ma ya sauko har kan hanci.

Matarsa Fatsuma ta dube shi da kyau ta ce, "Baban Zakiyya, wannan ba ƙurajen zafi ba ne. Ga idon ma ya fara ja. Don Allah ka biya asibiti kafin ka shiga tasha."

Ya ce, "In je in bi layi da masu goyo, direban nan Yahuza ya kwashe mini fasinja? Miƙo mini robar nan ta ƙarƙashin gado."

Ya dangwala ya shafa tun daga goshi har fatar ido. Raɗaɗi ya ratsa shi, hawaye na zuba, amma ya washe baki ya ce, "Kin gani? Ya kama aiki ke nan." Ya jawo hula har kan gira ya fita.

A tasha abokinsa Falalu bakanike ya hango shi ya ce, "A'a, direban direbobi, yau hular har ido? Sabon yayi ne, ko Fatsuma ce ta yi maka aski?"

Barau ya ɗan ɗaga hular. Dariyar Falalu ta ɗauke. Ya ce, "Subhanallahi! Me ka shafa?"

"Abin da kake sayar mini."

"Na mota nake sayar maka, ba na ido ba! Wallahi ajiye makulli, in kai ka asibiti a babur yanzu."

Barau ya ce, "Birkin jiki ne ya ƙwace, ɗaure shi nake yi. Kai dai riƙe sifanarka."

Haka aka yi ta tafiya. Ƙurajen suka fashe suka zama gyambo. Idon ya kumbura, ba ya son haske, kullum cikin ruwa. Barau ya sayi baƙin tabarau, 'yan tasha suka ce ya zama ɗan gayu. Da Fatsuma ta ga magiya ta ƙi, sai ta ɗauke robar ta ɓoye a buhun gero. Ta ɗauka ta yi dabara. Ba ta san cewa mai mota ba ya rasa man birki ba. Kowace safiya sai ya buɗe gaban mota, ya tsoma tsumma a ma'ajin man, ya matse a goshi. Goshi na sha, mota na ramewa.

Ranar da abin ya faru, ya ciko mota zai tafi Ringim. Idon hagu ya riga ya zama kamar an rufe shi da ƙullu, amma bai gaya wa kowa ba. Wani amalanken shanu ya fito daga gona ta hagunsa. Fasinjoji duk sun gani, shi kaɗai ne bai gani ba sai da aka ɗauki salati. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka tuwo. Ya murɗe sitiyari, mota ta bar titi ta faɗa kwari ta kwanta a gefe.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma wata dattijuwa da za ta je suna ta karye a hannu, kuma kukanta bai bar kunnen Barau ba har yau. Wurin marasa aikin yin nan, a kwance aka kai shi, a motar Yahuza.

Likita ya duba idon da kyau. Sannan ya tambaye shi, "Baba, ka yi ƙarambau kana yaro?"

Ya ce, "Wa bai yi ba?"

"To ƙwayar ce. Ba ta barin jiki, kwanciya take yi a jijiya, in girma ya zo ko jiki ya yi rauni sai ta farka ta bi jijiya ɗaya. Shi ya sa ta tsaya a gefe guda. Akwai maganinta, amma da wuri ya fi aiki, musamman in ta nufi ido. Me ka sa mata?"

Fatsuma ce ta amsa daga bakin ƙofa: "Man birki, likita."

An yi iyakar ƙoƙari. Gyambon ya warke, amma hakiya ta rufe idon hagu, bai ƙara gani da shi ba. Zugin kuma ya ƙi tafiya. Iskar tagar mota da ya yi shekaru yana sha, yanzu in ta taɓa goshinsa sai ya dafe kai. Hular da ya ɓoye ciwon da ita ma ba ta sawuwa.

In ka shiga tasha yau za ka gan shi kai ba hula, yana kiran "Ringim! Ringim!" yana cika wa wasu mota. In an yi masa sallama ta hagu, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Da Fatsuma ta zo ƙarshen buhun gero ta ci karo da robar da ta ɓoye, shi da kansa ya kawo wa Falalu. Falalu ya ce, "Me zan yi da ita?" Barau ya nuna motar Yahuza da ke lodi ya ce, "Zuba mata. Can ne wurinsa."

Darasin wannan labari shi ne, ƙwarewa a sana'a ɗaya ba ta mayar da mutum likita. Ƙurajen da suka fito a gefe ɗaya na jiki da zugi da ƙuna, balle a fuska kusa da ido, ba na shafe-shafe ba ne kuma ba na ɓoyewa ba, a gaggauta zuwa asibiti. Kuma in na kusa da kai suka ce ka je a duba ka, ka ji, domin girman kan mai ciwo ba shi kaɗai yake kayarwa ba, har da waɗanda ya ɗauko.