Tambayar da Kowa Ya Ji Nauyin Yi

Akwai wani manomi a wani ƙauye, wanda gonarsa ce ta ƙarshe ta wajen gabas, a bakin daji. Wata shekara dawarsa ta nuna, saura a yanke, sai gobarar daji ta taso da tsakar rana ta cinye ta ƙurmus. Shi kansa da ƙyar ya sha.

Mutanen ƙauyen kuwa mutanen kirki ne. Suka zo masa jaje, wannan da damin dawa, wancan da kwanon wake, har abinci ya kai shi wata damina. Amma suna da wata al'ada: wanda masifa ta auka wa, ba a tuna masa. In ya iso wurin hira ana zancen wuta, sai a juya zuwa zancen kasuwa. In shi da kansa ya ce, "Ranar nan da wutar ta zo," sai a tare shi, "Yi haƙuri, ya riga ya wuce." Da haka mutumin ya koyi yin shiru. Ya daina fita hira, ya rame, su kuwa a ganinsu tausayinsa suke ji.

Suna da wata al'ada kuma. Kowace shekara, bayan an gama girbi an yi bikin godiya, akan kira gayya a share fili mai faɗi tsakaninsu da daji, a nome ciyawar ƙal, domin in wuta ta zo ta rasa abin ci. Haka kakanninsu suka yi, gama a zamaninsu ciyawa ba ta bushewa sai an kai amfani gida. Amma damina ta sake hali. Ruwa yakan ɗauke da wuri, zafi ya ƙaru, ranar gayya kuwa tana nan inda kakanni suka ajiye ta.

To, akwai wata maƙwabciyarsa mai yankan ciyawar jinka, wadda Allah ya yi ta da son tambaya. Ko kaza ta gani tana ɗingishi, sai ta ji dalili. Ta lura kowace safiya manomin yakan je bakin daji, ya tsinko ciyawa ɗaya, ya karya ta kusa da kunnensa, ya koma gida. Abin ya yi ta cin ta. Mijinta ya ce ta bar dattijo da abin da ke damunsa. Ta daure, ta daure, ta kasa.

Sai ta same shi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, me kake saurare a jikin ciyawa?"

Ya dube ta ya ce, "Ji kike so ki yi, ko cikin gaisuwa ne?"

Ta ce, "Ji nake so."

Ya ba ta labarin ranar tun daga farko, yana faɗa yana hawaye. Ita kuwa ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, ta bar shi ya kai ƙarshe. Sa'an nan ya miƙa mata ciyawa ya ce ta karya. Ta karya, ta ji ƙas.

Ya ce, "Ɗanya lanƙwashewa take yi. Bara haka ta yi ƙara tun dawa na tsaye, bana ma ta riga bara. In muka jira bikin godiya, ba za mu sami abin kaiwa bikin ba."

Ta ce, "Me ya hana ka faɗa, Baba?"

Ya ce, "Nakan fara, 'yata. Haƙuri ake ba ni."

Matar ta ɗebi ciyawa ta kai wa dattawan gari. Suka ce ba a taɓa yin gayyar nan kafin girbi ba, amma kowa ya karɓa ya karya, ya ji da kunnensa. Sai suka aika aka kira manomin, suka yi shiru har ya gama magana. A makon nan aka fita da fartanyoyi, shi ne a gaba, yana nuna ta inda iska takan koro wuta. Kafin a yanke dawa kuwa gobara ta zo, ta iso filin da aka share, ta tarar da ƙasa tsirara, ta mutu a nan.

Ga ma'anar misalin nan. Gobarar ita ce wahalar da sauyin yanayi yake jawo mana, wadda ba ta san ranar da muka saba ba. Ranar gayya ita ce kowace al'ada mai kyau da muke riƙe da ita ba mu tambayi dalilinta ba. Kakanninmu duban ciyawa suka yi suka sa ranar, mu ma Ubangiji ya ba mu ido da kunne. Manomin kuwa shi ne ɗan'uwan da ambaliya ko fari ko wuta ta taɓa, muka cika masa rumbu muka rufe masa baki. Ina yawan mamakin yadda kai buhu yake mana sauƙi, zaman sauraro kuwa yake mana wuya. Akwai irinsa a cikinmu yau, kun kuma san shi. Ku je ku zauna, ku tambaye shi yadda abin ya faru, ku bar shi ya kai ƙarshe. Nauyin zuciyarsa zai ragu, wataƙila kuma tsirar gonarku tana cikin labarin da kuke jin nauyin ji.