Rawya da Taragon Mata

Akwai wata budurwa a unguwar Shubra da ke birnin Alƙahira, sunanta Rawya. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki take yi a wani ƙaramin kamfani. Tun tana makarantar koyon sana'a ta aske gashinta ƙwal, kuma ba ta da suturar da ta wuce faffaɗar riga, wando da hular hana sallah. A haka take jin daɗin jikinta, a haka take hawa tsani ba tare da wani abu ya harɗe ta ba.

Sai dai titi bai taɓa barin ta ta huta ba. Mai sayar da wake da burodi zai ce mata, "Me za a ba ka, samari?" Da ta buɗe baki ya ji muryarta, sai kallonsa ya sauka daga fuskarta zuwa ƙirjinta. Wannan saukar idon ta fi komai ci mata rai.

Wata ranar Talata da rana tsaka, ana zafi kamar gari zai kama da wuta, ta shiga jirgin ƙasa na cikin gari za ta wajen aiki. Taragon mata ta shiga, domin a na maza ta sha matsa da shafa.

Ko tsayuwa ba ta gyara ba, wata dattijuwa mai suna Hajiya Ihsan ta miƙe tana ihu.

"Kai! Ba ka da kunya? Ƙato da kai a cikin mata?"

Kafin Rawya ta ce uffan, jakar Hajiya ta sauka a kafaɗarta.

"Mama, ni fa mace ce," in ji Rawya.

Hajiya ta ƙare mata kallo tun daga hula har takalmi, ta taɓe baki.

"Au, mace ce? To ai gara a ce namiji ne. Uwarki tana raye ta bar ki kika fito haka?"

Wasu suka tuntsire da dariya. Wata ta janye 'yarta ta matsa gefe. Rawya ta riƙe ƙarfen jirgi, ta zuba wa ƙofa ido. Ba ta rama ba.

A tasha ɗaya suka sauka, ita da dattijuwar. Hajiya Ihsan na gaba tana hawa matakala da ledar tumatir a hannu. Ta kai tsakiya, sai ta dafe ƙirji, ta sulale ta faɗi.

Nan da nan mutane suka yi cincirindo. Wannan na cewa a kawo ruwa, wancan na cewa a shaƙa mata albasa. Babu wanda ya durƙusa.

Rawya ta kutsa. A wajen aiki an koya musu abin da ake yi wa wanda wutar lantarki ta ja numfashinsa ya tsaya. Ta kara kunne a hancin tsohuwar, ba ta ji komai ba. Ta sassauta mata mayafi, ta ɗora tafukanta a ƙirjinta, ta fara dannawa tana ƙirgawa.

Ba ta kai ashirin ba ta ji an fizgo wuyan rigarta ta baya. Wani mai sayar da jarida a bakin tashar ne, Fathi, ya wanka mata mari.

"Ɗan iska! Matar mutane kake lalubewa tana kwance?"

Maza biyu suka rirriƙe hannuwanta.

"Ku sake ni! Zuciyarta ta tsaya! Wallahi ni mace ce!"

"Ji ɗan banza har da maƙe murya," in ji ɗayansu.

Ta yi ta kokawa tana kuka, tana kallon leɓen Hajiya yana canza launi. Da ƙyar ta sa suka ciro katin shaidarta daga aljihun wandonta. Fathi ya dubi katin, ya dube ta, ya sake duban katin. Sannan suka sake ta.

Ta koma ta durƙusa, jini na ɗiga daga leɓenta, ta ci gaba da dannawa. Hannuwanta suka yi sanyi, gumi ya jiƙe mata riga, amma ba ta tsaya ba har ma'aikatan motar asibiti suka iso suka karɓe ta.

Da motar ta tafi, Fathi ya matso yana murza hannuwa.

"Ki yafe ni, 'yata. Da na san mace ce ke, wallahi da ban taɓa ki ba."

Rawya ta goge bakinta da bayan hannu.

"Baba, da namiji ne ni fa? Sai ku bar ta ta mutu?"

Fathi ya juya ya koma wajen jaridunsa.

Bayan kwana tara, 'yar Hajiya mai suna Nermin ta nemo lambar Rawya a wajen ma'aikatan tashar da suka ɗauki bayananta a ranar, ta roƙe ta ta zo asibiti. Hajiya ta rayu, amma harshenta ya yi nauyi, hannunta na dama ba ya motsi. Likita ya ce wa Nermin da ba a danna ƙirjin ba da tuni an yi jana'iza, da kuma ba a katse dannawar ba, wataƙila da illar ba ta kai haka ba.

Da Rawya ta shiga ɗakin, tsohuwar ta gane ta. Ta miƙo hannun hagu ta kama yatsunta, bakinta na rawa tana son furta wani abu. Ta gwada sau uku, kalmar ta ƙi fita. Sai hawaye kawai.

Rawya ta zauna a bakin gadon, ta bar hannunta a cikin nata har aka ce lokacin dubiya ya ƙare.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci da rigarsa ko askinsa, tsaya ka ga abin da hannunsa yake aikatawa. Gaggawar zargi tana iya cin ran wanda ba shi da laifi, kuma wanda ka wulaƙanta yanzu yana iya zama shi kaɗai zai durƙusa a kanka anjima. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, ko wani zai riƙe harshensa da hannunsa.